Jan da Ya Bar Idon Dama

Litinin, 5 ga Mayu, 7:10 na safe

A bayan littafin haɗin fenti na Baba nake rubuta wannan, don shi kaɗai ne abin da babu mai taɓawa a garejin nan. Yaya ba ya karanta komai in ba lambar mota ba. Dogo kuwa ganin littafin yake kamar Baba na zaune a cikinsa, ko ƙura ba ya kaɗe masa.

Kwana uku ke nan idona na dama yana ciwo. Ba ja, ba ruwa, can ciki ne. In na juya shi sai in ji kamar ana jan wata igiya a bayansa. Na gaya wa Gimbiya, ta ce tina ce, ruwan da muke tsinka fenti da shi, da ƙin sa tabarau. Shekara tara da aurenmu, a wurinta ban taɓa yin ciwon da ba ni na jawo wa kaina ba.

Mu uku ne a nan tun rasuwar Baba. Yaya na miƙe jikin mota da guduma, ni ina haɗa launi, Dogo na feshi. Dogo ba jininmu ba ne, amma shekararsa ashirin da ɗaya a garejin, shi ya koya mini riƙe bindigar feshi. Ni kuma Mai Ido ake ce mini, kuma wallahi ba a banza ba. A cire mini murfin tankin mai, in fita da shi rana, in rufe idon hagu, in haɗa launin da ko mai motar ba zai iya nuna inda aka gyara ba. Haka Baba ya koya mini, ya ce ido biyu gardama suke yi, a bar na dama ya yanke hukunci. Shekara uku Yaya na nacin mu sayi na'urar nan mai karanta launi. Na ce masa ranar da ta shigo ta ƙofa, ni ta taga zan fita.

An kawo wata tsohuwar jar mota, ƙofar direba ta loɓa. Mai ita wata Malama ce da ta yi ritaya, ta ce motar marigayi mijinta ce, kada ta ga alamar gyara. Na ce ta kwantar da hankalinta, ta zo gidan aikin.

Laraba, 7 ga Mayu, 5:30 na yamma

Na haɗa jan Malama. Murfin tankin ya yi mini kamar rana ta cinye shi, launin ya koɗe sosai, sai na yi ta ƙara fari da ɗigon ruwan ɗorawa har na ga sun zo ɗaya.

Dogo ya leƙa gwangwanin, ya leƙa murfin, ya sosa ƙeya.

"Mai Ido, anya bai yi haske ba?"

Na ce masa tun yaushe mai feshi ya fara duba wa mai haɗi aiki? In yana son kujerar ya faɗa, in tashi. Ya yi dariya, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya ɗauki gwangwanin ya shiga ɗakin gashi, inda muke feshi fitilu su busar da fentin. Ban ji daɗin maganar da na yi masa ba, amma idon ne ya ishe ni.

Akwai wani hazo a tsakiyar abin da nake kallo, kamar gilashin da aka shafa wa man girki.

Asabar, 10 ga Mayu, 2:00 na rana

Malama ta zo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta tsaya ta kalli ƙofar ta daɗe, sannan ta tambaya ko ƙofar wata mota muka saka mata. Masu faci na gefenmu suka taso kallo. Ɗaya ya ce wannan ai ba ja ba ne, ruwan goro ne.

Yaya ya kira mu bayan shago, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce sunan Baba ne aka zubar a gaban masu faci, waye? Na ce haɗina ba ya ƙarya, shi ma ya sani. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce Dogo ba. Amma mu biyu ne a tsaye, in ba ni ba ne to waye?

Yaya ya juya kan Dogo. Ya tono makarar da yake yi da safe, ya tono rawar hannun da ya ce ya fara gani, ya ce tina ya zabga har fentin ya tsinke. Dogo na tsaye yana ta murza hularsa.

Ni dai da na rufe hagu na kalli ƙofar, daidai take da sauran jikin motar. Na rantse daidai take.

Lahadi, 11 ga Mayu, 10:45 na safe

Akwai wani jan bokitin roba a banɗakinmu, Gimbiya na jiƙa kayan yara a ciki. Ina wanke fuska sabulu ya shiga idon hagu, na rufe shi, sai na ga bokitin ya koma launin tsohon bulo. Na wanke, na buɗe hagu, na rufe dama. Ja wur.

Dama, bulo. Hagu, ja. Na yi haka ya fi sau ashirin har Gimbiya ta buga ƙofa ta ce ko na faɗa masai ne.

Innalillahi. Ashe ni ne.

Litinin, 12 ga Mayu, 6:15 na yamma

Na tafi da niyyar faɗa wa Yaya gaskiya. Wallahi da niyyar na tafi, har na shirya kalmomin a kan babur.

Ina isa Yaya ya miƙo mini murfin tankin, ya ce in sake haɗawa, wannan karon shi zai fesa da hannunsa a ga ƙaryar kowa. Na fita rana. Na juya wa Yaya baya, na rufe dama, na duba da hagu. Minti ashirin na gama. Dogo na zaune a kan tsohuwar taya yana kallona, bai zo ya leƙa gwangwanin ba.

Yaya ya fesa. Ƙofar ta fito kamar da ita aka ƙera motar. Ya kalle ta, ya kalli Dogo, ya gyaɗa kai. Haɗi ɗaya, hannu biyu, in ji shi, to ga wanda ya ɓata.

Ba haɗi ɗaya ba ne. Ban faɗa ba.

Talata, 13 ga Mayu, 1:00 na rana

Dogo ya tafi. Ya sauke takunkuminsa da rigar aikinsa daga ƙusa, ya wanke bindigar feshi tsaf kamar gobe zai dawo, ya jera ta. Ya ba Yaya hannu, ya ba ni. Ya ce mini in kula da kaina.

Yaya ya ce kafin a sami wani, feshi ya dawo kaina.

Alhamis, 15 ga Mayu, 7:00 na safe

Ban faɗa ba.

Asabar, 17 ga Mayu, 4:40 na yamma

Wani sabon abu kuma. In na sunkuyar da kai kan gwangwani sai in ji wuta ta tsarga daga ƙeya zuwa ƙashin baya har yatsun ƙafa, kamar na taɓa wayar batir. Sau ɗaya na zata kujerar ce ke da lantarki, har na duba ƙarƙashinta, ka ji wauta. A ruku'u ma yana yi. Yanzu ɗaga gwangwani nake zuwa fuska kamar mai shan shayi, Yaya ya ce sabon salo na fito da shi.

Yatsu biyu na hannun hagu sun mutu. Ina taɓa takardar gurza fenti ban san mai laushi da mai kaushi ba sai na duba lambar.

Likitan ido na bakin titi ya haska, ya ce idon lafiya lau yake daga waje, matsalar a jijiyar da ke bayansa ce. Ya nuna mini jan murfin kwalba, ya ce in na hagu ɗari ne, na dama nawa? Na ce arba'in. Ya rubuta takarda zuwa babban asibiti, sashen jijiyoyi. Bai yi mini wasa ba, shi da ko yaushe sai ya tsokane ni da fentin farcena.

Talata, 20 ga Mayu, 3:30 na yamma

Ɗakin gashi. Fitilu takwas ne a ciki, in an kunna su mutum ya zama burodi. Dogo na shiga sau huɗu a rana yana waƙa.

Na yi minti goma sha biyar ina fesa bonet. Hazon ya fara yaɗuwa har ya rufe idon dama gaba ɗaya. Ƙafar dama ta yi nauyi kamar an cika takalmin da siminti, na ɗaga ta ta ƙi. Na tuna na dafa bango. Na tuna tiyon iska ya naɗe ni. Sai ga ni a ƙasa, Yaya na jana waje ta hammata.

Ya zuba mini ruwan sanyi. Kafin rabin awa ƙafar ta dawo, idon ya koma yadda yake da safe. Na ce masa ban karya ba ne.

Da wandon aikin Yaya na dawo gida. Ba zan rubuta dalili ba. Shi ma bai yi maganar ba, ya dai watsa ruwa a ɗakin da kansa.

Laraba, 21 ga Mayu, 6:50 na safe

Gimbiya ta wanke wandon. Ta ce gobe tare za mu je asibiti, kuma ba shawara take nema ba.

Ban faɗa ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, 5:00 na yamma

Likitar mace ce, 'yar siririya, tana magana a hankali kamar kalmomin tsada gare su. Ta sa na yi tafiya a kan layi ɗaya, ƙafa gaban ƙafa, na kasa a taku na huɗu. Ta buga gwiwa, ƙafar dama ta yi tsalle kamar za ta hambare ta. Ta ja mabuɗi a tafin ƙafata. Ta tambayi fitsari, na gyaɗa kai, Gimbiya ta amsa sauran.

Sai ta tambaya ko wani abu irin wannan ya taɓa faruwa a baya ya wuce da kansa. Na ce a'a. Gimbiya ta ce ƙarya ne. Shekara uku da suka wuce, bayan haihuwar autarmu, ƙafata ta hagu ta yi wata guda kamar ba tawa ba, ina taka ƙasa kamar ina taka katifa. Na ce babur ne, na canza kujera, ya tafi, na yi ta yabon sabuwar kujerar. Na manta da shi sarai. Likitar ta rubuta wannan ya fi komai tsawo.

Litinin hoton ƙwaƙwalwa. Za kuma su ɗebi ruwa a ƙashin bayana.

Yaya na zaton zazzaɓi ne.

Litinin, 26 ga Mayu, 2:20 na rana

Sun tura ni cikin wani farin bututu, sun ce kada in motsa. Ƙarar ciki sak gudumar Yaya a kan ƙofar mota. Minti arba'in ina kwance babu abin yi sai tunani, kuma abu ɗaya ne ya yi ta zuwa: Dogo a kan taya.

Allurar baya ba ta kai yadda ake faɗa ba. Ciwon kan da ya biyo ta ne ya fi.

Laraba, 28 ga Mayu, 12:00 na rana

Gajiya. Ba irin ta aiki ba. Na tashi daga barcin awa tara na sa takalmi ɗaya, na zauna ina hutawa kafin na biyun.

Juma'a, 30 ga Mayu, 4:10 na yamma

Likitar ta juyo mana da allon kwamfuta. Ƙwaƙwalwata ce, toka-toka, da ɗige-ɗigen fari kamar an fesa fenti iska ta kwaso. Ta ƙirga tara a kai, biyu a wuya. Ta ce wasu sababbi ne, wasu tsofaffi, wato na shekara uku da suka wuce ma suna nan ba su je ko'ina ba.

Ta faɗi sunan. Kalma biyu ne na Turanci, ta rubuta mini a takarda. Takardar na cikin aljihuna.

Ta tambayi sana'ata, sannan ta yi mini bayani da yaren gareji. Jijiya waya ce, tana da roba a jikinta. Sojojin jikina ne suka rikice suke cin robar, kamar ɓera a cikin injin mota. Inda suka ci, saƙo ya yi jinkiri ko ya tsaya. Ciwon zuwa yake ya koma: ya taso cikin kwanaki, ya zauna makonni, ya lafa. Wani tashin ya tafi ƙaf, wani ya bar saura. Tsakanin tashi da tashi yana iya zama wata shida, yana iya zama shekara biyar. A wasu mutanen, bayan shekaru sai ya daina komawa, ya riƙa ci gaba a hankali. Wasu kuma su tsufa da ƙafarsu. Na ce ni a wanne nake? Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani in tashi in bar masa ofis.

Zafi ba ya ƙara ɓarna, in ji ta, amma yana tayar da tsohuwar, shi ya sa na faɗi a ɗakin gashi. Ba a ɗauka, ba zan sa wa yara ba. Akwai maganin da ke rage yawan tashin, babu mai kashe shi.

Na tambaya ko tina ce. Na so ta ce tina ce, ko na sami abin zagi. Ta ce ba ita ba ce.

Na tambayi ja. Ta ce gani yakan dawo sosai, amma launi shi ne na ƙarshen dawowa, wani lokaci ba ya dawowa duka. Na ce na hagu fa? Ta ce yau lafiya yake.

Yau, ta ce.

Asabar, 31 ga Mayu, 9:30 na safe

Na gaya wa Gimbiya maganar ƙofar Malama. Na zata za ta ce ba laifina ba ne, ciwo ne. Ta ce ranar Laraba ciwo ne, ranar Asabar ma a bar shi a ciwo, amma ranar Litinin fa? Ta ce ita ciwon za ta iya zama da shi har ƙarshen rayuwarta, ta goya ni in ta kama, amma Dogo 'ya'yansa mata biyar.

Na yi mata ihu. Na ce in na faɗa wa Yaya, gobe na'ura za ta hau teburina, ni in zama me? Mai Ido ba ido? Na ce ita me ta sani a kan aiki. Ta ɗauki bokitin ta fita shanya.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai gani. Tsoro nake ji kamar yaro.

Litinin, 2 ga Yuni, 11:00 na safe

Ƙarin ruwa, rana ta ɗaya cikin biyar. Bakina kamar na tsotsi ƙusa.

A gadon gefe akwai wata mata a keken guragu, ta girme ni da kamar shekara goma, ciwonmu ɗaya. Tana da surutu. Ta ce ita da ido ya fara mata, tana koyarwa a lokacin. Ban tambaye ta shekara nawa ke nan ba, ita ta faɗa: sha huɗu. A ɗaya gefen wani magidanci ne da ya zo karɓar magani da ƙafarsa, mabuɗin mota a hannu, shi shekara sha tara. Na kwanta a tsakiyarsu ina kallon silin.

Laraba, 4 ga Yuni, 3:00 na rana

Kai! Maganin nan wuta ne. Na gyara ƙofar kicin, na wanke babur, na yi faɗa da mai kawo ruwa a kan abin da ban ma tuna ba. Hazon ya fara tsagewa, ina karanta lambar mota da dama. Ƙafar ta yi sauƙi. Wa ya ce ba a warkewa? Wataƙila ni nawa ƙarami ne. Wataƙila ba sai na faɗa wa kowa komai ba, in nemo wa Dogo aiki a wani garejin a wuce wurin.

Asabar, 7 ga Yuni, 8:00 na safe

Wutar ta mutu. Na kasa tashi.

Talata, 10 ga Yuni, 6:30 na yamma

Na koma aiki. Yaya ya ce zazzaɓin ya ƙara mini kumatu. Ya ɗauko wani mai feshi na wucin gadi da ke barin fenti na zuba kamar hawaye, Yaya na ta zagi ƙasa-ƙasa. Sau biyu ya kira shi Dogo.

Gani ya dawo, sai ɗan dishi-dishi. Yatsu sun farfaɗo ban da kan ƙaramin. Wutar ƙeya na nan. Da rana in zafi ya yi, ƙafar dama na jan ƙasa, na ga gaban takalmin ya fara cinyewa.

Bokiti: hagu ɗari, dama saba'in. Kwana huɗu a saba'in.

Ina haɗa launi da hagu, ina juya wa Yaya baya. Ban faɗa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, 5:45 na yamma

Na je wurin Dogo. Masu faci suka kwatanta mini, yana wurin wani mai walda a bayan tashar mota. Na same shi a tsugune cikin rana yana shafa wa ƙarfen taga baƙin fenti da buroshi. Dogo da buroshi! Mutumin da in ya fesa bonet kana iya aske gemu a ciki.

Ya share mini benci, ya tambayi Gimbiya da yara, ya tambayi Yaya. Na fara kame-kame, na ce akwai maganar da ban faɗa ba game da ƙofar nan. Bai daina shafa ba.

"Ranar Litinin ɗin nan dama ka rufe," in ji shi. "Shekara ashirin ina kallonka kana rufe hagu."

Na ce to ya sani, me ya hana shi magana? Ya tsoma buroshin, ya goge a bakin gwangwani.

"Idonka ne, ba nawa ba. Na ce bari in ba ka kwana biyu ka faɗa da bakinka. Na zauna a gida sati guda, ko wanka zan shiga sai na ba yara waya su riƙe mini."

Na gaya masa ciwon, duka, har wandon. Ya ajiye buroshin ya saurara. Ya ce Allah ya ba ni lafiya, kuma na ga har ransa ya faɗa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in daina shiga ɗakin gashi. Na ce gobe zan gaya wa Yaya, ya dawo bakin aikinsa.

Ya ce in gaya wa Yaya don kaina. Shi ya yafe, duniya da lahira. Amma ya tsaya a bayan shagon nan an kira shi mai rawar hannu a gaban yaron da ya koya wa aiki, yaron yana kallon ƙasa. Ya ce ƙafarsa ba za ta iya sake shiga ƙofar ba, ko ya ce ta shiga.

Ya raka ni har babur. Ya ga yadda nake jan ƙafa, ya riƙe mini kan babur ɗin har na hau.

Juma'a, 13 ga Yuni, 7:05 na safe

Multiple sclerosis. Ga shi na rubuta. Takardar ta kusa yagewa a aljihu.

Juma'a, 13 ga Yuni, 4:30 na yamma

Na faɗa.

Yaya na riƙe da guduma, ya ajiye ta a hankali. Na fara da ciwon don na san zai fi sauƙi. Ya zauna a kan taya, ya ce me ya sa ban gaya masa ba, shi ba ɗan'uwana ba ne? Ya ce ko gareji za a sayar sai an yi mini magani. Har ya dafa kaina kamar muna yara.

Sai na faɗi ƙofar. Haɗi biyu ne, ba ɗaya ba.

Ya janye hannun. Bai zage ni ba. Ya tashi ya wanke hannu, ya canza riga, ya hau babur ɗina ya fita. Ya yi awa biyu. Da ya dawo ban tambaye shi yadda suka yi da Dogo ba. Shi kaɗai ya dawo.

Litinin, 16 ga Yuni, 1:15 na rana

Babu na'ura a teburina. Na zo ina tsammanin ganinta, ko kwalinta, babu. Yaya ya ce kujerar tawa ce har ranar da na ce na gaji. Ya sa mini fanka a gefe, ya sa kwaɗo a ɗakin gashi ya riƙe mabuɗin. Ina kwana kawai ke haɗa mu.

Da hantsi aka kawo wata jar mota, bamba da gefen baya. Na cire murfin tankin, na fita rana, na rufe dama a gaban kowa. Na haɗa. Ya yi mini daidai. Amma na Malama ma ya yi mini daidai.

Na tsaya da gwangwani a hannu ɗaya, murfi a ɗaya. Tunda nake ban taɓa cewa wani ya duba mini launi ba. Na je na sami Yaya a ƙarƙashin wata mota, na ce ya fito ya duba mini.

Ya fito, ya goge hannu, ya kalli gwangwanin, ya kalli murfin. Ya daɗe yana kallo, wallahi ya yi ƙoƙari.

"Ni duk ja nake gani," in ji shi. "Mai duba maka ai shi muka kora."

Ya koma ƙarƙashin motar. Gwangwanin na nan a kan tebur, na rufe shi don kada ya bushe. Mai motar zai zo ranar Laraba.